Ra'ayinmu: Mai gina gidan haya a bakin iyaka ya yi lissafi da ranar da za a rufe ta

Ƴan'uwa ƴan kasuwa, duk wanda ya zauna a rumfunan Ƙonni da Illela, ko na Ɗan Isa da Jibiya, ko ya ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya san cewa a ƴan shekarun nan hirar fili da gida ta kusa fin hirar farashin wake da albasa. Wanda ya samu rarar jaka ɗari biyar yana neman fili a bayan gari, wanda ya samu miliyan goma yana neman magini, wanda kuma ya gaji tsohon gida yana shawarar fasa zaure ya mai da shi shaguna. Hajiyoyi masu safarar atamfa da kayan ɗaki su ma ba a bar su a baya ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Cikin shekara biyar an rufe iyakar nan har sau biyu. Najeriya ta rufe ta a watan Agusta na 2019, ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disamba na 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sake rufe ta har zuwa Maris na 2024. A tsakanin haka naira ta karye: dalar Amurka da ake saye wajen naira 460 a banki a watan Mayu na 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Kafin wannan an sha wuyar canjin takardun naira a farkon 2023. Dattawa kuma ba su manta da Janairun 1994 ba, ranar da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta. To ɗan kasuwar da ya ga wannan duka da idonsa, in ya ce gida ba ya ruɓewa kamar tumatir, duwan ba ta kama shi a hanya, kuma ba wanda zai sake masa launi dare ɗaya, ba za mu ce bai yi tunani ba.

Amma akwai abin da ake tsallakewa a wannan lissafi, shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Kuɗin haya a garin iyaka, daga iyakar yake fitowa. Su wa ke kama ɗaki a Ƙonni ko a Gaya? Direbobi da yaran mota, ƴan kamasho, ƴan canji, masu dako, mata masu tuwo, masu cika takardun fiton kaya, da baƙin ƴan kasuwa masu neman mangaza su ajiye shinkafa ko taki. Ranar da aka sa shinge a hanya, duk waɗannan aljihunsu yana bushewa tare. Wasu su koma ƙauye, wasu su zauna ba biya, kuma ba za ka iya ce musu komai ba don ka san ba su da shi. Mai gidan da shi ma ɗan kasuwar iyaka ne, sai duka ya zo masa ta gaba da ta baya: shago ba ciniki, gida ba haya. Mutanen Gaya sun fi kowa sanin wannan, domin ko bayan an ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 gadar da ta haɗa su da Malanville ta ci gaba da zama a rufe, manyan motoci suka koma bin hanyar Lome da Burkina Faso, mangazar da aka gina don kayan tashar Kwatano ta zama ɗakin ɓeraye.

Manyan gidaje ma ba su tsira ba. An daɗe ana ganin wanda ya gina gida mai bene ya ba Turawa ko ƙungiyoyin agaji haya ya gama sa'a. Sojojin Faransa sun bar ƙasar nan a Disamba na 2023, na Amurka a 2024, wasu ƙungiyoyi suka bi bayansu. Gidan da aka ƙera don mai biya da kuɗin waje, in ya tafi, ba kowa ne zai iya ko da kuɗin wutarsa ba.

Saboda haka tambayar farko da ya kamata mai niyya ya yi wa kansa ita ce: in an rufe iyaka wata takwas, wa zai ci gaba da biya na? Amsar takan kai mutum ga malamin makaranta, da ma'aikacin asibiti, da ɗalibi. Tun da aka buɗe jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010, ɗaki mai tsabta kusa da makaranta bai cika zama ba kowa ba. Waɗannan ba sa biyan kuɗi mai yawa, albashi ma yakan makara, amma ba sa tashi don an sa shinge a Ɗan Isa. Wanda ke da ɗaki shida, in ya ba ƴan kasuwa uku ya ba masu albashi uku, ya fi wanda ya cika gidansa da ƴan tasha ɗaya kwanciyar hankali.

Sai lissafin kansa, wanda abin mamaki ƴan kasuwa da yawa ba sa yi, alhali kuwa a kan buhun gero ɗaya sai su yi awa guda suna ciniki. Mu ɗauki misali kawai, kowa ya sa farashin garinsu. A ce fili da gini sun ci miliyan 12 na sefa, an samu ɗaki da falo guda shida, kowanne jaka 15 a wata. Wata ɗaya jaka 90 ke nan, shekara miliyan ɗaya da jaka 80. A cire wata biyu na ɗakin da ya zauna ba kowa ko wanda ya gudu da bashi, a cire gyara, da kwashe masai, da lanho, da ladan dillali, da wuya abin da ya rage ya wuce jaka 750. Shekara 16 ke nan kafin uwar kuɗi ta dawo. Wannan miliyan 12 ɗin, in yana juyawa a kasuwa lokacin da hanya take buɗe, kowa ya san ba zai jira shekara 16 ba. Gida ma'aji ne, yana tsare dukiya, yana kuma ƙara daraja in unguwa ta cika, amma ba ya haihuwa da sauri.

Shi ya sa muke jin tsoro idan muka ga mutum ya kwashe jarin shagonsa ya zuba a gini. Ku zaga bayan kowane gari na iyaka ku ƙirga kangaye: bulo ya kai linta, ba rufi, ciyawa ta fito a falo, awaki sun samu wurin kwana. Kowane kango a cikinsu jarin wani ne da ya tsaya, shago ya rame, gini bai ƙare ba. Wasu ma fili suka saya a daji saboda dillali ya ce nan jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi zai bi, tun da aka aza harsashin aikin a Fabrairun 2021. Fili ba ya biyan haya. In da gini za a yi, gara a gama ɗaki biyu da masai da ƙofa, a sa mutane, kuɗinsu ya taimaka wajen na uku, da a zana goma a kasa rufe ko ɗaya.

A ganinmu ma, ga mafi yawan masu karatunmu, kuɗin da ya fi saurin dawowa shi ne wanda aka sa a gyaran gidan da ake da shi. Tsohon gida a cikin gari, kusa da kasuwa, yana da abin da sabon fili ba shi da shi: hanya, da ruwan pampo, da wuta, da mutanen da ke neman wurin. Sai dai gyara iri biyu ne, kuma an fi son wanda ido ke gani. Za ka tarar an shafa fenti mai ƙyalli, an shimfiɗa karo a falo, an sa ƙofar ƙarfe mai ado, alhali azara gara ta cinye ta, kwano ya yi tsatsa, gindin bango ya jiƙe har gwiwa.

Damanar 2024 ta nuna mana sakamakon wannan. Sama da mutum 300 suka rasu a ƙasar nan, ambaliya ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jahar Maraɗi ce ta fi yawan mamata, kuma da yawa ba ruwa ne ya tafi da su ba, ɗaki ne ya rufta musu. A ƙarshen Agusta ruwan dare ɗaya ya yi ɓarna a cikin birnin Maraɗi, a farkon Satumba tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya zube. Har komawa makaranta sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba, domin waɗanda suka rasa muhalli suna kwance a azuzuwa. A cikin ɗakunan da suka faɗi akwai na haya, waɗanda masu su suka karɓi kuɗi wata da watanni ba su taɓa hawa soro sun duba ba. Wannan ya wuce maganar riba da faɗuwa, rai ne aka ba ka amana.

Gyaran da muke nufi daga sama yake farawa, sannan ya sauko ƙasa. Rufi tukuna: a duba azara ko katako, a sake kwanon da ya huje, a gyara indararo yadda zai zubar da ruwa nesa da bango. Ginin ƙasa ba laifi ba ne, ya fi bulo sanyi a watan Afrilu, kakanninmu sun zauna a cikinsa shekaru aru-aru, amma da sharaɗin yaɓe kafin kowace damana. Kuskuren da ya yawaita yanzu shi ne a shafe bangon ƙasa da siminti kai tsaye a ce an huta. Siminti da laka ba sa kama juna, ruwa yana shiga ta tsaga ya maƙale a ciki, ƙasa ta narke a ɓoye, fuskar tana nan sumul har ranar da za ta zube gaba ɗaya. In za a yi, a nemi maginin da ya san yadda ake kafa masa abin riƙewa, a kuma toshe kowace tsaga da ta bayyana. Sai gindin bango: a ɗaga shi da dutse ko bulo, a cike tsakar gida yadda ruwa zai gangara waje. Unguwanni da yawa hanya ta fi gidaje tudu yanzu saboda cikon da ake yi shekara da shekaru, ruwan titi sai ya shigo ɗaki.

Masai kuma a daina mai da shi abin ƙarshe. Ramin da aka haƙa jikin bango yana cin tushen gini, wanda aka haƙa kusa da rijiya yana kawo ciwon ciki ga gida duka. Iyali shida a kan masai ɗaya, faɗa ne kullum da safe, kuma mai mata da ƴaƴa ba zai daɗe a irin wannan gida ba. Haka wuta: in da hali kowane ɗaki ya samu kontarsa, domin rabon takardar NIGELEC tsakanin mai firji da mai ƙwai ɗaya ya raba maƙwabta da yawa. Tsofaffin wayoyi da aka yi wa ɗaure-ɗaure kuwa, su ne gobarar da ake cewa ba a san dalilinta ba.

Game da siminti, bayan ambaliyar gwamnati ta rage farashinsa a Oktoba na 2024, inda aka tsayar da tan ɗaya na siminti mai lamba 32.5 a kan jaka 55 a Yamai, sauran jahohi kuma da ɗan bambanci gwargwadon nisa. Tan buhu 20 ne. Mutanen Ƙonni ma masana'antar Malbaza tana kusa da su. To ko siminti ya yi araha ko ya yi tsada, cutar tana wurin bugun bulo. Maginan kirki sun san buhu ɗaya bai kamata ya wuce bulo 30 ba, amma ana matsa shi ya ba da 45 ko 50, bulon da yaro zai murƙushe da hannu. Wani lokaci magini ne ke ha'inci, wani lokaci kuwa, mu faɗi gaskiya, Alhaji ne da kansa ke cewa a ƙara yashi tun da ba shi zai kwana a ciki ba. Wanda ba zai iya tsayawa a kan aikinsa ba saboda tafiye-tafiye, ya sa wanda ya yarda da shi, ya kuma biya magini kashi-kashi bisa aikin da aka gani.

Akwai wurin da ko an gyara ba ya gyaruwa. Maraɗin farko a cikin kwarin gulbi take, ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashe ta aka mai da ita kan tudu. Yau ga shi ana yanka filaye a fadama da bakin ƙorama, ana sayar da su da rani lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau. Mai sayen fili ko tsohon gida ya je ya gan shi a watan Agusta, ya tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa yake kwanciya. Arahar da dillali ke yi maka gaggawa a kanta, sau da yawa ruwa ne ya karya farashin.

Mu zo ga shaguna da mangaza, domin nan ne masu karatunmu suke zama masu gida yau, gobe kuma ƴan haya. Mutane da yawa ba su san cewa hayar wurin sana'a tana da doka tata ba. Nijar, da Benin, da Cadi, da Kamaru duk suna cikin ƙungiyar OHADA mai ƙasashe 17, kuma dokarta ta kasuwanci, wadda aka sabunta a 2010, ta yi bayani filla-filla. Manyan gyare-gyare, wato bango, da rufi, da katanga, da ramin masai, a kan mai gida suke. In ya ƙi, ɗan haya yana iya neman izinin alƙali ya yi gyaran a kan kuɗin mai gida. In aikin ya hana shi amfani da wurin, ana rage masa haya gwargwadon haka. Wanda ya yi shekara biyu yana sana'a a shago bisa ƙa'ida yana da haƙƙin a sabunta masa haya, kuma in mai gida ya ƙi ba tare da hujjar da doka ta yarda da ita ba, sai ya biya shi diyyar tashi. In ba a yanka wa'adi ba, sanarwar tashi wata shida ce. Sayar da gini kuma ba ya kashe haya: wanda ya saya ya gaji ɗan hayar da ya tarar. Ko wanda ya daina biya, sai an ba shi gargaɗi a rubuce na wata ɗaya kafin a kai maganar kotu. Cire ƙofa, ko kwance kwano, ko sa kwado a shagon mutum, duk ba ya cikin doka.

Mun kawo wannan ne saboda wata ɗabi'a da ta fara yawa: a ce wa mai shago ya fita za a yi gyara, a shafa farar ƙasa, a ninka kuɗi, a ba wani. Mutumin da ya yi shekara goma yana tara abokan ciniki a wannan ƙofa, an raba shi da abincinsa ke nan. Ba mu ce kada mai gida ya ƙara haya in ya kashe kuɗi ba, haƙƙinsa ne. A zauna tun kafin a fara aiki, a faɗi abin da za a gyara, da kwanakin da zai ɗauka, da ƙarin da zai biyo baya, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. Ɗan hayar da ke biya a kan lokaci ya fi ƙarin jaka biyar daga baƙon da ba ka san halinsa ba. Su ma ƴan haya da nasu: mai toshe magudana da shara, mai fasa bango ya sa taga ba izini, mai tashi da dare da bashin wata huɗu, su ne suka sa masu gida da yawa suka daina gyara.

A ƙetaren iyaka lissafin ya sake. Najeriya ba ta cikin OHADA, can an saba karɓar hayar shekara guda a dunƙule, kuma tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamnan jaha, shi ke ba da takardar izinin zama a kanta. Ɗan Nijar da ya gina a Illela ko Mai'aduwa yana karɓar naira, in ya zo canzawa zuwa sefa sai ya ga hayar shekara ta koma ta wata biyar. Tun da kuma Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, bai kamata kowa ya riƙe dukiya a wani ɓangaren da baki kawai ba, ko da sunan wani aboki. Zumunci yana nan, amma abokin zai mutu, ƴaƴansa kuma ba su san alkawarin da aka yi a rumfa ba.

Takarda dai ita ce inda aka fi yin sakaci, ko a gida. Fili ɗaya a sayar wa mutum uku ba sabon labari ba ne a kotunanmu. Kafin a biya, a je ma'aikatar magajin gari a tabbatar da lambar filin da sunan mai shi, in a karkara ne a bi ta hukumar filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, bayan ciniki kuma a sauya suna, kada a ajiye takardar da sunan wanda ya sayar. Gidan gado ya fi kowane haɗari. Tsofaffin gidajen bakin kasuwa da suka fi daɗin gyarawa galibi na gado ne, kuma babban wa yakan sayar ko ya ba da haya shi kaɗai, ƴan'uwa mata da ke aure a Kano ko Agadas ba su sani ba. Ka gama zuba miliyan uku a gyara, sai ga sammaci. In ba a raba gado a gaban alƙali ko malamai an rubuta ba, kowane magaji kuma ya sa hannu, kada a sa ko bulo ɗaya.

Hukumomi su ma muna da magana da su. Ma'aikatun magajin gari sun iya yanka filaye da karɓar kuɗi, amma magudanar ruwa sai an yi ambaliya ake tuna ta. Mai gida ko ya ɗaga tushe ya sake rufi, in titin gabansa ba shi da lambatu aikinsa rabi ne. Muna kira ga kowace ma'aikatar magajin gari ta garuruwan iyaka ta liƙa taswirar wuraren da ruwa ke kwanciya a ƙofarta, kowa ya gani kafin ya saya, a daina yanka fili a cikinsu, a kuma yashe magudanai tun watan Mayu. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa kuma su nemi a fassara musu dokar hayar shaguna da Hausa, a karanta ta a gidajen rediyon karkara, su tanadi takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya wadda mai gida da ɗan haya za su cika a ofishin sarkin kasuwa.